Baƙar Mota Ba Ta Son Busasshen Tsumma

 Hunturu ya shigo, kuma kullum da safe a Fezzan muna ganin yara suna goge baƙaƙen motoci da busasshen tsumma. Don Allah mu hana su. Ƙurar Maiduguri akwai yashi a ciki. Tsumman jan sa yake yi a kan siririn rufin ƙyallin da ke saman fenti, ya bar karcen da rana ke tonawa. Yawan folish ma cin rufin yake yi, in ya ƙare sai wurin mai fenti.

Mun san ruwan 'yan garuwa kuɗi ne, amma jarka biyu ba ta kai kuɗin fenti ba. A fara kwara ruwa, a wanke a inuwa da sabulun mota, ban da omo. Ranar sayarwa, jiki dillali yake fara dubawa.

Allah Ya sa mu dace.