Difa: a ba yaranmu waya da dalma

Duk lokacin da aka tayar da maganar jahar Difa a Yamai, kalmomi uku ake ji: tsaro, ƴan gudun hijira, agaji. Ba mai musun ko ɗaya daga cikinsu. Amma wanda ya tashi yau ya ce a koya wa ɗaliban lise na Difa harhaɗa ƴar ƙaramar mota wadda ake tuƙawa daga nesa, mai gane abin da ke gabanta ta kauce masa, za a ce masa ƙoshi ne ya yi masa yawa. Mu kuwa a ganinmu wannan ƴar na'ura, wadda Nasara ke kira robo, Bahaushe ya ce mutum-mutumi ko da yake ba ta kama da mutum ko kaɗan, ita ce makarantar fasaha mafi araha da matalauciyar ƙasa za ta iya buɗewa, kuma babu inda ya fi buƙatarta kamar bakin Komadugu, kilomita fiye da 1,300 daga fadar gwamnati.

Kayan haɗinta ba su cika kwando ba: ɗan faranti na katako ko na roba, taya biyu ko huɗu kowace da ɗan injinta na lantarki, batir, da wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba mai suna Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗaliban da ba su karanci lantarki ba. Allon nan shi ne ƙwaƙwalwa; a kwamfuta ake rubuta masa umarni a ɗura masa. Akwai allo na biyu tsakaninsa da injinan taya, domin ƙwaƙwalwar ba ta da ƙarfin juya taya da kanta. Tuƙi kuwa da salula ake yin sa ta hanyar Bluetooth. Duka-duka kuɗinsu bai kai na ragon layya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne idon motar, wanda a haƙiƙa kunne ne. Dabarar jemage aka aro. Na'urar tana sakin ƙara mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji domin iyakarsa kusan 20,000 ce. Ƙarar ta bugi bango ta dawo, ƙwaƙwalwa ta auna lokacin da ta ɗauka. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska yana maki 20. Idan bango yana nesa da mita ɗaya, zuwa da dawowa mita biyu ke nan, wato kusan kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa. Yaron da ya rubuta wannan lissafi da hannunsa, ya ga motarsa ta ja birki kafin ta kai bango, ya fahimci darasin da aka yi shekara ana sa shi haddacewa a allo bai shiga kansa ba.

A nan ne ƙasar Manga za ta koya masa abin da littafin Turai bai faɗa ba. A watan Afrilu, in zafi ya kai maki 45, sauti ya fi gudu, yana cin kusan mita 358. Wanda ya kwafe lissafin littafi bai gyara ba zai yi kuskuren santimita 4 a kowace mita. Na'urar tana jin bangon siminti sarai, amma zana da karan gero da tufa suna shanye ƙarar ko su watsa ta, sai motar ta afka musu. Tayoyin da aka ƙera domin daɓen ɗaki kuwa, da sun taka rairayi sai su nutse. Kada wannan ya ba kowa kunya: motar Spirit da Amurka ta sauke a duniyar Mars a 2004, a cikin rairayi ta kafe a 2009, kuma ba ta sake fita ba. Yaron da ya faɗaɗa tayarsa da robar tsohuwar taya, ya rufe allonsa daga ƙurar hunturu, ya riga ya fara aikin injiniya.

To, mene ne amfanin wannan ga manomin Geskeru ko na Shetimari? Arzikin kwarin Komadugu, daga tattasai zuwa shinkafa da albasa, a kan injin ban ruwa ya tsaya, kuma injinan da ke aiki da hasken rana suna zuwa da akwatin lantarki wanda in ya lalace sai a rasa mai buɗe shi. Ilimin da ke juya tayar ƴar motar nan shi ne ke kunna famfo da kashe shi. Idon nan nata, in aka rataye shi a ƙarƙashin gada yana kallon ƙasa, ya zama ma'aunin ruwa: yana faɗin tashin kogi kowace awa, kuma da ɗan ƙarin kaya zai aika saƙo a salula. Wanda ya ga ambaliyar Oktoban 2019, lokacin da Komadugu ta yi toroƙo ta raba dubban mutane da gidajensu, ya san darajar gargaɗin kwana ɗaya. Kuma kada a manta da samarin da suka rasa abin yi tun da dokar ta-ɓaci ta Fabrairun 2015 ta hana hawan babur, ta tsayar da kabu-kabu, ta toshe cinikin kifi da na tattasai. Wanda ya iya kwance injin babur a gindin bishiya, like waya da dalma ba zai gagare shi ba.

Sai dai akwai gargaɗin da tilas mu yi da babbar murya. A jahar da nakiyoyin da aka binne a kan hanya suka ci rayukan sojoji da farar hula tun bayan hare-haren Boso da Difa na 6 ga Fabrairun 2015, dole wani ya ce: ga maganin nakiya ya samu. Ba haka ba ne. Na'urar da ke jin bango ba ta jin abin da ke cikin ƙasa, kuma nauyin ƴar mota bai isa ya tabbatar da cewa hanya lafiya take ba. Gaskiya ne mutum-mutumin kwance bam na farko da sojan Ingila suka yi aiki da shi, wanda Laftanar Kanar Peter Miller ya haɗa a 1972 saboda rikicin Ailan ta Arewa, daga baro mai batir aka ƙera shi; amma ƙwararrun sojoji ne suka riƙe shi. Wannan aiki na soja ne da na hukumar tattara haramtattun makamai da aka kafa a 1994. Malamin da ya bar ɗalibi ya ɗauka abin da ya haɗa a aji zai iya gwada shi a hanyar Tumur, alhakin jini yana wuyansa.

Cikas ɗin yana cikin lakwal ɗinmu, wadda ta gaji tarbiyyar fitar da akawu. Mu da muka bi ta, mun fito da Faransanci mai kyau da hannuwa masu laushi. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya faɗi illar wannan tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka, sa'an nan ya riƙe ofishin makamashin rana daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da rana a nan cikin ƙasa. Mun ɗauki sunansa mun liƙa wa jami'ar Yamai a 1992, muka bar hanyarsa. Maƙwabta ba su jira mu ba: Mali ta buɗe cibiyar RobotsMali a Bamako a 2017, injiniya Sidy Ndao kuwa ya kafa gasar mutum-mutumi ta matasan Afirka a Dakar. Difa tana da jami'a tun 2014, mai karkata ga noma da muhalli; shin wa ya fi ta cancantar riƙe aikin auna kogi da sarrafa famfo? Tun da kuma kundin Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ba mu ga dalilin da zai hana a yi darasin da Hausa da Barbarci ba, domin yaron gareji da bai kai aji shida ba ya zauna kusa da ɗan lise.

Kiranmu ga ɓangare biyu ne. Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin abin da taron ƙara wa juna sani guda ɗaya ke ci a otal, da kuɗin zama da na shayi. A soke ɗaya kawai, ya isa a sayi kayan aji ashirin, a kuma biya malamin kimiyya ladan yammacin Laraba da Asabar. Alhazan kasuwa kuwa, masu saro salula da farantin hasken rana daga Kano da Dubai da Sin, ƙaramin kwali ɗaya a cikin lodinsu ba zai ƙara musu kuɗin mota ba, kuma su ne za su fara cin ribar samun masu gyara a gida maimakon mayar da kaya Kano. A fara da lise Idrisa Aloma a cikin gari da ɗaya a Maine-Sorowa idan an koma makaranta a watan Oktoba. Kafin sabon ruwa ya iso kogi a damina mai zuwa, ɗalibai sun isa su rataye ma'auninsu na farko.