Gani Ga Wane: Tashi Da Faɗuwar Ƙungiyar Kurket Ta Kenya

A cikin watan Maris na shekarar 2003 ƙungiyar wasan kurket ta ƙasar Kenya ta kai matakin kusa da na ƙarshe a gasar cin Kofin Duniya, watau ta shiga cikin ƙasashe huɗu da suka rage a fage. In banda Afirka ta Kudu, babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa wannan matsayi a babbar gasar. Amma kafin a cika shekara goma sha ɗaya, a watan Janairu na 2014, Kenya ta rasa matsayinta na ƙasar da Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, take lissafa wasanninta na yini ɗaya cikin manyan wasanni. Wannan tarihi ya cancanci duk mai riƙe da muƙami a ma'aikatar wasanni ko ta ilmi ya dube shi da idon basira, domin Nijeriya ta fara taka tsanin da Kenya ta hau, abin da ya kayar da Kenya kuwa ba baƙo ba ne a ofisoshin ƙasar nan.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kurket wasa ne na mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Ɓangare ɗaya yana jefa ƙwallo yana neman ya kayar da turaku uku da aka kafa, ɗaya ɓangaren kuwa yana tare turakun da faffaɗar sanda, yana doke ƙwallon yana tara maki. Idan an fitar da masu bugu goma, ko kuwa adadin jifan da aka ƙayyade ya cika, sai a sauya. Akwai dogon wasa na kwana biyar wanda manyan ƙasashe kaɗai aka yarje wa, akwai na yini ɗaya, akwai kuma gajere na 'yan sa'o'i.

Turawan Ingila ne suka kai wasan gabashin Afirka, har an buga wani sanannen wasa a Mombasa cikin 1899. Indiyawan da aka kawo aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, da 'yan kasuwar da suka biyo bayansu, su ne suka riƙe shi da hannu biyu, suka kafa kulob-kulob a Nairobi da Mombasa. An kafa hukumar kurket ta Kenya cikin 1953, shekara goma kafin ƙasar ta sami mulkin kai. A gasar Kofin Duniya ta farko da aka yi a Ingila cikin 1975, 'yan wasan Kenya sun shiga ne a ƙarƙashin tutar Afirka ta Gabas tare da na Yuganda da Tanzaniya da Zambiya, aka kuwa cinye su a dukan wasanninsu uku. Cikin 1981 ne Kenya ta tsaya da ƙafarta ta zama wakiliyar ICC.

A waɗannan shekaru ne 'ya'yan talakawa baƙar fata da ke zaune a unguwannin da suke maƙwabtaka da filayen kulob-kulob na Nairobi suka fara leƙa wasan, suna tsinto ƙwallo suna kwaikwayon manya, har wasu daga cikinsu suka fi iyayen gidan ƙwarewa. Daga irin waɗannan yara ne aka sami Steve Tikolo da Maurice Odumbe, waɗanda suka zama ginshiƙan ƙungiyar ƙasa. Cikin 1994 Kenya ta karɓi baƙuncin gasar ƙananan ƙasashe ta ICC a Nairobi, ta zo ta biyu bayan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta sami gurbi a Kofin Duniya na 1996.

Ranar 29 ga watan Fabrairu na 1996, a birnin Pune na ƙasar Indiya, Kenya ta gamu da West Indies, watau haɗaɗɗiyar ƙungiyar tsibiran Karibiyan wadda ta ɗauki kofin cikin 1975 da 1979, mai gwanaye irin su Brian Lara da Curtly Ambrose da Courtney Walsh. Kenya ta fara bugu ta tara maki 166 kacal, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi 'yan Kenya, a ƙarƙashin jagorancin Odumbe, sun fitar da West Indies kaf a kan maki 93. Ana lissafa wannan rana cikin manyan abubuwan mamaki a tarihin gasar. A wannan shekara ce aka ba Kenya matsayin buga wasan yini ɗaya na ƙasa da ƙasa. Ta kuwa nuna cewa ba dace ba ne, gama ta doke Indiya a Gwalior cikin 1998, ta sake doke ta a Port Elizabeth cikin 2001. Cikin shekarar 2000 ma ICC ta tara manyan ƙasashen duniya suka yi gasa a filin Gymkhana na Nairobi.

Kofin Duniya na 2003, wanda Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Kenya suka haɗu suka shirya, shi ne ƙololuwar tafiyar. Gaskiya ne Kenya ta sami maki a ɓagas sa'ad da Niyu Zilan ta ƙi zuwa Nairobi saboda tsoron rashin tsaro. Amma sauran da guminta ta samu. Ta ci Kanada, ta ci Bangaladash, ranar 24 ga Fabrairu kuma ta kayar da Sri Lanka, zakarar 1996, da tazarar maki 53, inda wani saurayi mai suna Collins Obuya ya fitar da mutum biyar shi kaɗai a kan maki 24. A zagaye na biyu ta ci Zimbabuwe. Ranar 20 ga Maris, a Durban, Indiya ta tsayar da ita da tazarar maki 91. Tikolo ne kyaftin, Sandeep Patil ɗan Indiya kuma shi ne mai horarwa. Har yau babu wata ƙasa wadda ba ta cikin masu buga wasan kwana biyar da ta kai wannan mataki a gasar.

To, me ya rusa wannan gini? Abu na farko shi ne shugabanci. Tun kafin ƙurar murna ta lafa, rigima ta ɓarke tsakanin hukumar kurket da kulob-kulob a kan zaɓen da aka daɗe ba a yi ba da kuma zargin rashin bayyana yadda aka kashe kuɗi. Cikin 2004 'yan wasa suka yi yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu da ba a biya ba. A wannan shekara ce kuma aka dakatar da Odumbe na shekara biyar, bayan bincike ya same shi da laifin karɓar kuɗi daga wani ɗan caca. A farkon 2005 ministan wasanni ya ba da sanarwar rushe hukumar, aka shiga shari'a, kamfanonin da suke ɗaukar nauyi suka ja da baya. Kafin a kafa sabuwar hukuma mai suna Cricket Kenya, shekarun da ya kamata a ci moriyar nasarar 2003 sun tafi a zaman kotu da rubuce-rubucen ƙorafi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abu na biyu shi ne ƙarancin tushe. Wasan bai fita daga kulob-kulob na Nairobi da Mombasa ya shiga makarantun lardi yadda ya kamata ba. Alamar haka tana nan a fili tun a ranar farin ciki: cikin 'yan wasa goma sha biyar da suka je gasar 2003, biyar daga gida biyu suka fito, uku 'yan gidan Obuya, biyu 'yan gidan Suji. Aasif Karim, wanda ya ba Ostareliya mamaki a wannan gasa, sai da aka kira shi daga ritaya yana da shekara 39. Ƙungiya ce ta tsara ɗaya, kuma ba a shuka waɗanda za su gaje ta ba.

Abu na uku laifin manyan ƙasashe ne da ita kanta ICC. Bayan 2003 Kenya ba ta sami manyan wasanni ba sai ƙalilan, domin masu kuɗin wasan ba su ga ribar zuwa Nairobi ba. Ɗan wasan da ba ya gamuwa da wanda ya fi shi ba ya ƙaruwa. Duk da haka wannan uzuri bai wanke shugabannin Kenya ba, gama babu wanda zai aika da ƙungiyarsa gidan da ake faɗa a kan wane ne maigida.

An ɗan farfaɗo cikin 2007 sa'ad da Kenya ta ɗauki kofin rukuni na ɗaya na ƙananan ƙasashe a Nairobi. Amma a Kofin Duniya na 2011 an cinye ta a dukan wasanninta shida, har da Kanada, Niyu Zilan kuwa ta fitar da ita a kan maki 69. A ƙarshen 2013, da aka rasa matasan da za a dogara da su, sai aka sake kiran Tikolo daga ritaya yana da shekara 42. Bai iya hana faɗuwar Janairun 2014 ba. Cikin 2018 aka sake sauke Kenya zuwa rukuni na uku bayan ta sha kaye a gasar da aka yi a Namibiya, kyaftin da mai horarwa da shugabar hukumar duk suka yi murabus.

Kwatanci da maƙwabta da tsararraki ya fi kowane bayani. Cikin 1997 Bangaladash ta doke Kenya a jifan ƙarshe na wasan ƙarshe na gasar ƙananan ƙasashe a Kuala Lumpur, watau ƙarfinsu ɗaya ne a lokacin. Bangaladash, inda wasan ya ratsa makarantu da unguwanni, ta shiga sahun masu wasan kwana biyar cikin 2000. Yuganda kuma, wadda ta daɗe tana bayan Kenya amma ta riƙe shirin kurket na makarantu, ita ce ta sami gurbi cikin 2023 ta je gasar duniya ta gajeren wasa cikin 2024, Kenya tana gida tana kallo.

Nijeriya tana da tsohon tarihi a wannan wasa. Tun 1904 Legas ta kara da Gwalkwas, watau Gana ta yau, kuma ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa, sun buga shi tun zamanin Turawa. Ƙasar ta zama wakiliyar ICC da sunanta cikin 2002. Cikin 2019 samari 'yan ƙasa da shekara 19 suka zo na ɗaya a Afirka suka je gasar duniya ta 2020. Cikin 2022 hukumar kurket ta Nijeriya ta ɗauki Steve Tikolo kansa ya zama babban mai horarwa. A watan Maris na 2024 ƙungiyar mata ta ci lambar tagulla a Wasannin Afirka a Accra. Ranar 20 ga Janairu na 2025 kuwa, a Kuching ta ƙasar Malesiya, 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da maki biyu a gasar duniya, daga baya suka ci Ailan. Wannan rana ita ce Pune ta Nijeriya, kuma a daidai irin wannan gaɓa ce Kenya ta ɗauka aiki ya ƙare.

Saboda haka wajibi ne hukumar wasanni ta ƙasa ta tabbata cewa hukumar kurket tana yin zaɓe a kan lokaci bisa tsarin mulkinta, tana kuma buga lissafin kuɗin da take samu daga ICC da kamfanoni kowace shekara, bayan masu binciken kuɗi sun duba. Alawus ɗin 'yan wasa a biya shi kafin su sauka daga jirgi, kada ya kwana a fayil yana jiran sa hannun wani babban sakatare. Gwamnati kuma ta guji rushe hukuma da sanarwa, gama ICC ta dakatar da Zimbabuwe cikin 2019 saboda katsalandan na gwamnati, 'yan wasa ne kuwa suka sha wahalar.

Babban aikin yana kan ma'aikatun ilmi na jihohi. Wasan ya fi ƙarfi a wurare ƙalilan irin su Legas da Edo da Kaduna da Abuja, wannan kuwa ita ce cutar da ta kama Kenya. Yawancin tsofaffin makarantun sakandare na gwamnati a Arewa suna da fili, sai dai ciyawa ta cinye shi ko kuma an fara yanka shi ana gina shaguna. Ya kamata a kare waɗannan filaye da doka, a horar da malaman wasanni a kwalejojin ilmi, a maido da gasar makarantu ta shekara-shekara ga maza da mata, a sa kuɗinta cikin kasafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kuɗin da za a kashe wa makarantu ashirin bai kai na liyafa ɗaya ta karɓar 'yan wasa ba.

Su ma ɗalibai akwai abin lura a gare su. Tikolo ya buga Kofin Duniya sau biyar, bayan ya bar fage kuma ƙasashe suna neman sa ya koyar da 'ya'yansu. Odumbe, wanda ba ya bayansa a gwaninta, kuɗin ɗan caca ya yanke masa tafiya. Wanda ya sami dama ya wakilci ƙasarsa ya riƙe mutuncinsa, ya kuma riƙe karatunsa, gama shekarun wasa kaɗan ne.

Kenya ta nuna cewa ɗan Afirka yana iya kayar da zakarun duniya a wasan da aka ce ba nasa ba ne, wannan yabo kuwa babu mai ƙwace mata shi. Ta kuma nuna yadda ake zubar da aikin shekara ashirin cikin shekara biyu na rigimar kujera. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Lokacin gyara a Nijeriya shi ne yanzu, tun 'yan matan Kuching suna fage kuma ƙannensu suna sha'awar bin sawunsu.