Harbin Tantabaru a Gonar da Aka Shuka: Yaushe Ya Dace?

Kowace shekara, da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, wajen watan Yuni, sai maganar tsuntsaye ta taso. Mutum ya sayi iri da tsada, ya shuka gero ko dawa ko wake, washegari ya tarar da garken tantabaru a gonarsa. Abin da ke fara zuwa zuciyarsa shi ne ya ɗauko bindiga. Ra'ayina shi ne, kwanakin da harbi ke da amfani kaɗan ne ƙwarai, kuma harbin da aka yi ba a cikinsu ba, ko a kan tsuntsuwar da ba ta daji ba, hasararsa ta fi ribarsa.

Da farko mu san halin tsuntsuwar. Tantabara da hasbiya da kurciya ba sa tono kamar kaza. Abin da suka gani a sarari shi suke tsinta. Saboda haka irin da aka saka a rami aka take shi da ƙafa da kyau, da wuya su kai gare shi. Idan ka tarar an tone ramukan shuka ɗaya bayan ɗaya, ka nemi kurege ko gafiya ko ɓera ko fakara, gama wannan aikinsu ne. Sau da yawa tantabara takan ɗauki laifin da ba nata ba, don ita ake gani da rana. Haka kuma kada mu haɗa ta da jan baki, wanda ke addabar manoman kwarin Hadeja; shi ɓarnarsa sai hatsi ya fitar da kai ya fara ido.

To, yaushe tantabara ke ɓarna ta gaske? Daga ranar shuka zuwa lokacin da tsiro ya kama ƙasa. Gero da dawa sukan fito cikin kwana 3 zuwa 5 idan akwai laima, gyaɗa takan kai mako guda ko fiye. Wake kuwa, ko bayan ya fito, tsuntsu na iya tsinke ganyen nan biyu na fari. Idan an haɗa duka, bai wuce mako biyu ba. A cikin kwanakin ma, sukan sauka ne da sassafe da kuma bayan la'asar. Da tsakar rana suna inuwa. Wanda ya yi binne kafin ruwa, shi ne irinsa ke daɗewa cikin hatsari, haka ma mai alkamar rani da ke watsa iri a watan Nuwamba ko Disamba ba tare da ya bi da manjagara ya rufe ba. Bayan tsiro ya tasa, wanda ya harbi tantabara nama yake nema, kada ya ce gona yake karewa.

Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna: tantabarar wa za ka harba? Hasbiya da ke sheƙa a kan giginya ta daji ce. Amma tantabarun da ke sauka a gonakin bakin gari, yawancinsu na gida ne. Akwai matar da ke kiwonsu don ta sayar a kasuwar Shuwarin ta sayi sabulu, akwai yaron da su ne jarinsa. Tantabara ƙwai biyu take sakawa, uwa da uba kuma su ke ciyar da 'ya'yan tare, don haka harsashi ɗaya na iya hallaka sheƙa guda. Mu da muke tsiraru a garuruwan nan, gona da gona muke da maƙwabtanmu, rijiya ɗaya muke sha. Rigimar da ta fara a kan tantabara biyu, kafin ta isa gaban mai unguwa an ba ta wani suna dabam. Mudu nawa na iri zai biya wannan? Idan tantabarun maƙwabci ne, ka je wurinsa da ladabi ka roƙe shi ya kulle su na kwana goma, ko da za ka taimaka masa da ɗan tsaba. Mu ma masu kiwo a cikinmu, mu kulle namu tun ba a roƙe mu ba.

Abu na uku shi ne doka. Dokar makamai ta Nijeriya tun ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga a kan izinin hukuma, kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi. Ga kuma halin tsaro da Arewa ta shiga a shekarun nan: ƙarar bindiga da asuba a bayan gari tana iya tayar da unguwa gaba ɗaya. Wanda ba shi da takarda, kada ya taɓa bindiga, ko ta aro ce. Wanda ke da ita, ya sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona tun da dare, ya kuma tuna cewa lokacin shuka gonaki cike suke da mata da yara a sunkuye.

Masu noman rani kuma su lura da wata baƙuwa. Akwai kurciyar da ke tasowa daga Turai ta yi hunturu a ƙasashen Sahel, har da arewacin Nijeriya, ta koma wajen watan Afrilu. Yawanta ya ragu har aka sa ta cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a 2015, kuma a 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da farautarta. Lokacin shukar alkamarmu shi ne lokacin zamanta a nan. Mai harbi cikin garke ba ya bambancewa.

Me za mu yi ke nan? Rigakafi ya fi magani. A rufe iri da kyau, kada a bar wanda ya zube a bakin rami. Masu gonaki kusa da juna su yi shuka a mako ɗaya, domin tsuntsaye su rarrabu maimakon su taru a gona guda. A ja igiya da gwangwanaye, a kafa mutum-mutumi a riƙa sauya masa wuri, gama tsuntsu yakan saba da abin da ba ya motsi. A yi tsaro da safe da yamma, amma kada a hana yaro makaranta saboda haka. Guba kuwa, ina roƙonku a bar ta sam. Tsabar da aka jiƙa da maganin ƙwari tana kashe kaji da zabi, kuma yaro na iya tsintar gawar tsuntsuwar ya gasa ya ci.

Dattawa, ku tayar da maganar nan a taron maza kafin ruwa ya sauka, kada a jira sai an kawo ƙara. Idan duk dabarun nan sun kāsa, tsuntsayen na daji ne, shukar ba ta wuce mako biyu ba, mai harbin yana da izini, maƙwabta kuma sun sani, to a yi harbi ɗaya ko biyu da sassafe don a kore su. Ban da wannan, a ajiye bindiga.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya da maƙwabta. Amin.