Wasiƙa ga Masu Lambu: Murfin Kwalba da Ƙullin Kabaid

Ƙannena da 'ya'yana masu lambu,

Yabo kam kun cancanta. Kun fi mu iya auren mangwaro, kuna kuma kai tumatir kasuwa a watannin da a da ba a ganinsa. Allah Ya ƙara albarka. Sai dai wani abu ne ya tsaya mini a rai.

Kwanan baya wani yaro ya kira ni fadama in duba masa tumatirinsa. Ganye ya nannaɗe ya sirance, kara ya murɗe, fure ya zube. Shi a ganinsa cuta ce, har ya sayo magani. Na ce ya kawo famfon feshinsa. Ashe da shi wansa ya fesa wa shinkafa maganin ciyawa na 2,4-D, aka ɗauraye sama-sama, aka zuba maganin ƙwari aka shiga tumatir. Wahalar wata biyu ta tafi a safiya ɗaya.

Ku san abin da ke hannunku. Shuka ba ta da baki, amma gaɓoɓinta suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da masana ke kira homon. A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka lura cewa idan aka rufe kan ɗan tsiron ciyawa, ba ya karkata wajen haske, ko da haske na dukan jikinsa. Kan tsiron ne ke gani, ƙasa da shi ake lanƙwasawa. Ke nan akwai manzo tsakani. A 1926 Frits Went, a ƙasar Holan, ya tatso manzon daga kan tsiro, shi ne aka sa wa suna oksin. Daga ƙolin shuka yake gangarowa, yana danne tohon da ke gefe. Shi ya sa iyayenmu ke datse kan zogale idan ya miƙe zaƙwal: ƙoli ya tafi, rassa su samu sarari, ganye ya yawaita inda hannu ke kaiwa. Ba su san sunan oksin ba, amma sun san halinsa. Shi ne kuma a cikin hodar da kuke tsoma yankan reshe don ya yi saiwa.

To, 2,4-D ɗin nan oksin ne na kanti, an ƙera shi a shekarun 1940. Yana yi wa shuka mai faɗin ganye ihun ta girma, ba ya yin shiru, har ta murɗe ta mutu. Shinkafa da masara suna iya jure shi, tumatir da auduga da kuɓewa ba sa iyawa. Ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa. Abin da kaɗan ɗinsa ke kiran saiwa, da yawansa ke kisa, shi ne kuke aunawa da ido?

Nan ne zuciyata ke ɓaci. Kwalba ta ce murfi ɗaya, ku zuba uku, wai don ya fi ci. Haka kuke yi da magungunan da ake sayar muku da sunan sa girma, ba ku ko tambayar me ke ciki. Wa ya ce muku tsawo shi ne yabanya? Manoman Japan sun daɗe da sanin wata cutar shinkafa da suke kira wawan tsiro: shuka ta zarce 'yan'uwanta tsawo, ta yi fari, ta faɗi ba ƙwaya. A 1926 Eiichi Kurosawa ya nuna cewa wata fumfuna ce ke fitar da abin da ke jawo haka, daga nan aka gano jibaralin, homon mai miƙar da kara. Shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966, wadda ta cika rumbunan Asiya, gajeruwa ce, saboda jibaralin ɗinta kaɗan ne. Tana cin taki ta zuba shi a zangarniya, iska ba ta kwantar da ita.

Sai batun kabaid, kuma a nan ba zan sassauta ba. Mangwaro da ayaba idan sun ƙosa suna fitar da wata iska, etilin, ita ke umartar nama ya yi laushi, ƙamshi ya tashi. Tun 1901 Dimitri Neljubow ya gane tasirinta a Rasha, da ya ga iskar fitilun gas na karkatar da tsiron fis. Mu da muna yara, mahaifina ba ya taɓa mangwaro sai kafaɗarsa ta cika. Ya jera a kwando, ya sa nunanne ɗaya a tsakiya, ya lulluɓe da buhu. Kwana kaɗan ɗaki ya ɗau ƙamshi. Nuka ke nan. Yau ana kaɗo ɗanye shar, a cusa ƙullin kabaid ɗin masu walda, laima ta taɓa shi ya fitar da asitilin mai kwaikwayon etilin. Bawo ya yi ja, ciki tsami, domin ɗan itacen da bai tara gari a jikin uwarsa ba, ba shi da abin da zai juya ya zama zaƙi. Ga kuma dattin asanik da fosfaras da ke tare da kabaid, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Wanda ba zai ba ɗansa wannan mangwaro ba, don me zai sayar wa ɗan wani? Wannan ha'inci ne, ba shi da wani suna.

Ku gafarce ni idan harshe ya yi kaifi. Na san bashin taki na wuyanku, dillali kuma ba ya jira. Roƙona dai, famfon maganin ciyawa ku ware shi, ku shafa masa jan fenti, kada ya sake shiga tumatir. Ku guji feshi ranar iska. Wanda bai iya karanta takardar kwalba ba ya ba ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa, ko ya nemi malamin gona. Yaron nan na fadama ya sake zuba iri, na kuma yi masa alkawarin zuwa ranar dashe.

Wassalam. Naku,
wani tsohon malamin gona.