Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk ɗan Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya san darasin Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar, aka kammala ta a 1978 ba tare da shawarar manoma ba. Da suka nemi diyyar gonakinsu, sai aka amsa musu da harsashi a 1980. Injunan ban ruwa suka lalace, har sai da aka koma ga Bankin Duniya a 2014 neman rancen gyara. Abin da ba ka gina da hannunka ba, ba ka iya riƙe shi.

Wannan ciwo bai tsaya a gona ba, ya shiga har cikin majami'a. Ikilisiyar da albashin fastonta da maganin asibitinta da kwanon rufinta duk daga Turai ko Amurka suke zuwa, yaya za ta buɗe baki ta ce a'a? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai bayarwa ma bai tsira ba, domin ya saba da tallar hoton talaucinmu kafin jama'arsa su sa hannu a aljihu.

Ba yau aka fara wannan kuka ba. Tun ƙarni na 19 Henry Venn na CMS ya koyar da cewa ikilisiya ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta. A 1971 John Gatu na Kenya ya nemi a dakatar da aiko 'yan mishan da kuɗi na shekara biyar, kuma taron majami'un Afirka a Lusaka ya goyi bayansa a 1974. A nan gida, an kafa ECWA a 1954, amma sai a 1976 SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Shekara 22 ɗa yana jiran mabuɗin gidansa!

Ba mu ce a ƙi zumunci ba. Amma zumunci daban, bara daban. Mabiya su tambayi shugabanninsu: daga ina kuɗin nan ya fito, kuma da wane sharaɗi? A karanta lissafi a gaban jama'a. Majami'ar laka da zakkar gero ta gina ta fi ta siminti mai igiya a wuya. Masu masallaci ma kada su yi dariya, gemun ɗan'uwansu ne ya kama wuta.