Gwaba Daga Reshe: Aikin Ba Ya Ƙarewa Ranar Dashe

Sau da yawa mai lambu a Gwandu ko Kalgo yakan sha gwaba mai zaƙi, ya adana ƙwayoyin cikinta ya shuka, ya yi shekara uku yana ban ruwa, daga ƙarshe itaciyar ta haifi 'ya'ya ƙanana masu tsami. Ba laifin ƙasa ba ne. Ƙudan zuma kan ɗauko garin fure daga wata itaciya su kai wa wata, saboda haka ƙwayar da aka shuka tana iya ɗauke da gadon uban da ba a sani ba. Wanda ke son ainihin itaciyar da ya ɗanɗana, sai ya nemi reshenta.

Hanyar da ta fi dacewa da ɗalibi da ƙaramin manomi ita ce ɗaurin reshe, watau a sa reshe ya fid da saiwa tun yana jikin uwarsa. Akan zaɓi lafiyayyen reshe mai kaurin fensir ko ɗan yatsa, a zagaye shi da wuƙa a ɓare ɓawonsa kimanin santimita 3, sa'an nan a kankare santsin da ke ƙarƙashin ɓawon, domin in an bar shi raunin zai warke ba tare da saiwa ba. Sai a dunƙula ƙasa mai laima da aka cuɗa da ruɓaɓɓen taki a kan wurin, a naɗe da leda, a ɗaure sama da ƙasa.

Hikimar abin tana cikin tsarin itace. Ruwa yana hawa ta cikin katako, wanda wuƙa ba ta taɓa ba, don haka ganye ba ya bushewa. Abincin da ganye ya sarrafa kuwa ta ɓawo yake sauka, tare da sinadarin oksin mai tayar da saiwa. Da suka iso inda aka yanke sai su taru, su rasa hanya, saiwa ta ɓullo a nan. Lokacin marka, cikin Yuli da Agusta, ya fi dacewa, kuma cikin wata ɗaya zuwa biyu akan hangi fararen saiwoyi ta jikin ledar.

A nan ne masu yabon wannan dabara kan tsaya, kuma a nan ne suke rage wa mutane gaskiya. Itaciyar da ta fito daga ƙwaya tana da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa neman ruwa. Ta ɗaurin reshe ba ta da ita. Saiwoyinta gajeru ne, suna yawo kusa da fuskar ƙasa. A Indiya, ƙasar da ta fi kowace noman gwaba, akwai yankunan da wannan bai zama babbar damuwa ba. Amma a Jihar Kabi ruwan sama kan ɗauke cikin Oktoba, hunturu ya biyo da busasshiyar iska, sa'an nan zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40. Reshen da aka yanko a Satumba aka kafa kai tsaye a fili, aka juya masa baya, da wuya ya ga damina ta gaba.

Saboda haka reno ya fi ɗauri muhimmanci. In an yanko reshen, a rage masa rabin ganye, a sa shi cikin tukunya ko leda a inuwa har ya yi sabon toho. Wanda ba shi da rijiya kusa gara ya ci gaba da renonsa a gida har farkon damina. Wajen dashe a bar tazarar mita 5 zuwa 6, a kafa masa turke saboda iskar bazara, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye amma kada ta taɓa gindin, don gara. Tulun ƙasa da aka binne kusa da shi ana cika shi da ruwa yakan tsatso a hankali, ya rage wahalar ban ruwa. Maganar awaki kuwa, kowa ya san darni ne kaɗai suke jin maganarsa. Furen farko ma a tsinke shi, ko da rai bai so ba, don ƙarfin itaciyar ya tafi ga saiwa.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa a kan gwaba. To, giram 100 na gwaba yana ɗauke da bitamin C fiye da miligiram 200, kusan ninki huɗu na lemun zaƙi, ga shi itaciyar ɗaurin reshe tana riga ta ƙwaya haihuwa.

Makarantun sakandare na Gwandu da Kalgo suna da fili da ɗalibai, kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana Kalgo, inda malaman kimiyyar tsirrai ke kusa. Ya kamata kowane aji ya ɗaura rassa kafin dogon hutu, ya yanko su bayan an dawo, malami kuma ya jinkirta ba da maki har watan Mayu, ya ƙirga itatuwan da ke da ɗanyen ganye a lokacin.