Yunwar El-Buhari tana jiran mai rubuta ta

Irlanda tsibiri ce a yamma da Ingila. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta lalata dankalin turawa, abincin talakawanta. Kimanin mutum miliyan guda suka mutu, fiye da miliyan kuma suka shiga jiragen ruwa, akasari zuwa Amurka da Kanada. A 1990 marubuciya Marita Conlon-McKenna ta wallafa wa yara littafin “Under the Hawthorn Tree”, labarin ƴan uwa uku da yunwa ta raba da iyayensu. A 1991 ta biyo da “Wildflower Girl”, inda autarsu ta ƙetare teku zuwa Amurka. Yaran ƙirƙirarru ne, amma yunwar ta auku, kuma ta wannan hanya jikoki suke sanin abin da ya kori kakanninsu.

Jahar Diffa tana da irin wannan labari. A 1984, zamanin Seyni Kountché, damina ta gaza, dabbobi suka ƙare, tabkin Cadi kuwa ya riga ya janye daga N'Guigmi. A watan Afrilu na shekarar Janar Muhammadu Buhari ya canza takardun naira, ya rufe iyakar Najeriya, ba a buɗe ta ba sai 1986. Hatsin da aka saba samu daga kudu ya yi wuya, har talakawa suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari.

Yawancin wannan tarihi yana bakin dattawa, su kuwa kullum raguwa suke. Yaron da ya ga ƴan gudun hijira a bakin hanya bayan hare-haren Bosso da Diffa na Fabrairun 2015 ya cancanci sanin cewa kakarsa ma ta taɓa ɗaukar kaya a ka. Ɗan ƙaramin littafi ya isa: labarin ɗiyar makiyayi daga Mainé-Soroa wadda ta ƙetare Komadugu a ɓoye zuwa Damasak neman abinci, a rubuce da Hausa da Barbarci.

Aikin na mutum biyu ne. Malamin lakwal ya zauna da tsofaffi ya ɗauki zancensu, attajirin tattasai ya biya kuɗin ɗab'i. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma wanda ya mance da 1984, da ƙyar zai cika rumbu domin baɗi.